Daga ina zan fara karanta Habermas?

Ƙanwar zaure: Slm 'yan uwa. An ba mu aiki a kos ɗin soshiyoloji kan Jürgen Habermas, masanin falsafa ɗan Jamus, na buɗe babban littafinsa na 1981, The Theory of Communicative Action, wlh kaina ya ɗau zafi. Don Allah ta ina ake farawa?

Malamin tarihi: Wslm ƙanwata. Ajiye wannan tukuna, juzu'i biyu ne, malamai ma a hankali suke binsa. Nemi na 1962, The Structural Transformation of the Public Sphere, wanda ya kawo yadda a ƙarni na 18 mutane ke haɗuwa a gidajen shan kofi na Landan suna karanta jarida suna muhawara kan harkar mulki, ba a tambayarka ɗan wane ne kai, hujjarka ce ke tsaya maka, sannan ya nuna yadda talla da jaridun neman kuɗi suka mayar da jama'a 'yan kallo. Akwai fassarar Turanci tun 1989.

Babban yaya: Ni kam tarihinsa zan ce ki fara dubawa. An haife shi a Düsseldorf a 1929 da tsaga a ganɗa, an yi masa tiyata yana ƙarami, yara na tsokanar maganarsa, shi da bakinsa ya ce wannan na cikin abin da ya sa ya damu da yadda mutane ke fahimtar juna. Yana matashi Jamus ta faɗi a 1945, ya ji ta'asar 'yan Nazi a shari'ar Nuremberg. Shekararsa 24 ya fito a jarida ya ƙalubalanci Heidegger, babban masanin falsafa na Jamus, kan alaƙarsa da 'yan Nazi.

Anti malama: Duk gaskiya ne amma ki haɗa da maƙalar Nancy Fraser ta 1990, gajeriya ce. Tambayarta ita ce, a gidajen kofin nan ina mata, ina leburori? Wanda ba a bari ya shiga ba ta yaya hujjarsa za ta yi nasara? Wannan ya daɗe yana damuna gaskiya.

Malamin tarihi: Haka ne Anti, kuma shi ma Habermas daga baya ya yarda batun ware mata ya fi yadda ya ɗauke shi nauyi.

Babban yaya: In aikin ya taɓa addini, akwai tattaunawarsa da Ratzinger a Munich a 2004, kafin ya zama Fafaroma. An buga ta ƙaramin littafi, zama ɗaya kin gama.

Ƙanwar zaure: Na gode sosai, Allah ya saka da alheri. Anti, ta Fraser ɗin akwai ta a intanet ko sai na je laburare?