"Home in" ko "hone in": wanne ne daidai?

Malamar Turanci: Assalamu alaikum. Wata ɗalibata ta rubuta "we must hone in on the problem", wato mu mai da hankali kan ainihin matsalar. Na sa jan biro na gyara zuwa "home in on". Yau ta zo da wayarta, ta nuna min cewa ƙamus ɗin Merriam-Webster ya shigar da nata. Ni dai har yanzu ina kan bakana, kuskure ne. Me kuka gani?

Malam Babba: Wa alaikumus salam. Kin yi daidai, Malama. Asalin maganar daga tattabara take, domin "home" a nan na nufin komawa gida. Duk wanda ya taɓa kiwonsu ya san halinta: ka sayar da ita a kasuwa, bayan kwana biyu ka tashi da safe ka tarar da ita a bakin tukunyarta tana gyara gashi. Saboda wannan hali aka riƙa aika wasiƙu da tattabaru a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Daga baya matuƙan jirgin sama suka ari kalmar don bin siginar rediyo har filin sauka, sannan ta koma kan makami mai linzami. Duk a ciki akwai nufar wuri guda ba kaucewa. Shi kuwa "hone" wasa wuƙa ne, kamar yadda mahauci ke goga ta a dutse. Ina aka taɓa wasa wuƙa zuwa wani wuri?

Ɗan jarida: Allah ya gafarta Malam, asali kam naku ne, ban musa ba. Amma ƙamus ɗin nan ya ce tun 1965 ake samun "hone in" a rubuce. George Bush babba, tsohon shugaban Amurka, ya faɗe shi a yaƙin neman zaɓen 1980. Abin da Amurkawa suka shekara sittin suna faɗa, ta yaya za mu ce wa yarinya ba Turanci ba ne? Kuma wanda ya wasa hankalinsa a kan abu ai ya mai da hankali kansa, ma'anar ba ta ɓace ba.

Malam Babba: Daɗewar kuskure ba ta mai da shi daidai, ɗana.

Mai fassara: Ni abin da ya ja hankalina sautin ne. Mu ma muna cewa kullum da kullun, ƙamshi da ƙanshi. Harafin m da n maƙwabta ne a baki. Mutum ya ji "home in" da sauri, bai san "home" na zama aikatau ba, sai kunnensa ya kai shi ga kalmar da ya sani. In ina gudun gardama, "zero in on" nake rubutawa.

Malamar Turanci: Na gode, Yaya, amma damuwata ɗaya ce. Yarinyar nan za ta zauna WAEC, kuma mai duba takardarta da Turancin Ingila aka koyar da shi, inda "home in" ya fi karɓuwa. Ba zan bar ta ta rasa maki a kan abin da zan iya gyarawa yau ba.

Ɗan jarida: To ki gaya mata haka, Malama, kada ki ce mata ƙamus ya yi ƙarya. Ta yi bincike, ta cancanci cikakken bayani.

Malamar Turanci: Wannan kam na karɓa. Gobe zan mayar mata da makinta, in ba ajin labarin tattabarar Malam, amma a jarrabawa "home in" za su rubuta.