Wai da gaske ana zuba sharar matatar mai a cikin siminti?

Maibulo_KD:
Salam 'yan uwa. Ni sana'ata buga bulo ce, kuma kowa ya san yadda kuɗin siminti yake cin mu yanzu, ribar ma sai a hankali. To jiya ƙanina da yake karatun injiniya yake ce min wai akwai wata hoda da matatun mai suke zubarwa in ta gama aiki, katalis yake ce mata, wai a Turai ana haɗa ta da siminti kuma ginin har ya fi ƙarfi. Abin ya tsaya min a rai wallahi, don ga matata nan kusa da mu a Kaduna. Don Allah masana da gaske ne? In na samu zan iya zubawa a kwaɓi in rage siminti?

Injiniyan_Mai:
Wa alaikumus salam. Ƙanin naka bai yi ƙarya ba. A matata akwai sashen da ake kira FCC, nan ake fasa mai mai nauyi ya koma fetur da gas, kuma wannan hodar ce take yin aikin a zafin da ya kai digiri 500, laushinta kamar gari, tana ta zagayawa ana ƙone baƙin da ya manne mata har ƙarfinta ya ragu, shi ya sa kullum ake ɗibar tsohuwa ana zuba sabuwa. Kusan dukanta silika ce da alumina, wato dai abin da kamfanin siminti yake nema a jikin yumɓu. Ko dai a haɗa ta da dutsen farar ƙasa tun kafin a gasa a digiri 1450, ko a niƙa ta daga baya tare da kilinka, wato gasassun dunƙulen da ake niƙawa su zama siminti. Ta biyun ta fi burge ni, don siminti in ya sha ruwa akwai wani sinadari da yake saki wanda ba ya riƙe komai sosai, ita kuma sai ta kama shi ta mayar da shi abin da ke ƙara wa kankare ƙarfi. A jami'ar fasaha ta Balansiya a Sifen tun ƙarshen shekarun 1990 suke gwada ta, yawanci kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari ake musanyawa.

Uwar_Biyu:
Malam mai bulo don girman Allah kar ka karɓi ko kwano ɗaya a hannun kowa. Katalis fa ba iri ɗaya ba ne, akwai wanda ake cire farar wuta daga dizal da shi, yana ɗauke da ƙarafa irin su kobalt da molibdenam da nikel, in ya sha iska yana iya ɗaukar zafi da kansa har ya kama wuta, Amurka tun 1998 ta sa shi a jerin shara mai haɗari. Ita ma ta FCC ɗin tana kwasar nikel da banadiyam daga ɗanyen mai, sai an auna a ɗakin gwaji. Ka tuna yaran da suke maka kwaɓi ba takunkumi ba safar hannu, su za su shaƙi ƙurar nan, kuma ɗakin mutane za su kwana a ciki da 'ya'yansu.

Injiniyan_Mai:
Gaskiyar Hajiya ce. Ga shi kuma tana da shan ruwa sosai, in ka ƙara ruwa don kwaɓin ya saki to bulon ne zai yi rauni. Aikin kamfani ne irin su Ashaka ko Obajana ko na Kalambaina a Sakkwato, masu auna komai kafin a zuba a buhu. Ni wanda nake ganin ya fi dacewa ya yi shi ne Dangote, matatarsa ta Lekki mai ganga 650,000 a rana tana da irin wannan sashen, ga kuma kamfanin simintinsa na Ibese a Ogun ba nisa, kuɗin tirela ba zai cinye ribar ba.

Maibulo_KD:
Na gode ƙwarai Injiniya, Hajiya Allah Ya saka da alheri, maganar yaran nan ta shige ni, gobe in sha Allah zan saya musu takunkumi don ƙurar simintin ma kanta ba ƙarama ba ce. Amma Injiniya, in kamfani ya fara haɗawa, za a rubuta a jikin buhu mu san ruwan da za mu zuba?