Alamar da ke juya baki: yaya kuka yi da ita?

Uwar Biyu, Garwa
Assalamu alaikum. 'Yata tana ajin turwaziyem, wato aji huɗu na sakandare, jarrabawar BEPC ta ƙarshen ajin na gabanta bana, kuma inekwasiyon, lissafin nan mai alamar "ya fi" ko "bai kai ba", ta hana ta barci. An ba su −2x + 1 > 7. Ta cire 1 daga kowane ɓangare, ta sami −2x > 6, ta raba da −2, ta rubuta x > −3. Malaminsu ya ja jan biro, ya ce x < −3 ne. Ta haddace cewa alama tana juyawa, amma da ta ga takarda sai abin ya gudu, don ba ta san dalili ba. Ni ma a nan na yi tuntuɓe a zamaninmu. Wanda ya haye, yaya ya yi?

Malamin lissafi, Marwa
Wa alaikumus salam Hajiya. Kowace shekara a nan nake rasa maki a hannun yara masu ƙoƙari, kuma yana mini ciwo. Abin da nake sa su yi: su gwada amsarsu kafin su miƙa. In x > −3 ne, to sifili ya shiga ciki. Sa 0 a tambayar, 1 > 7 zai fito, ƙarya ce. Sa −4, za ki sami 9 > 7. Minti ɗaya bai cika ba. Sai dai ki kula, akwai yaran da tsoro ke sa su juya alama ko'ina suka ga muwan, wato alamar ragewa (−). Tarawa da ragewa ba sa taɓa ta. Ninkawa ko rabawa da lambar ƙasa da sifili kawai.

Ɗan kasuwa, Kuseri
Malam, gwaji yana kama kuskure, amma bai faɗi dalili ba. Ni a shagon babanmu na gane. Mai sefa 5,000 a aljihu ya fi mai 2,000. To a ce kuɗin nan bashi ne a littafi: wa ya fi kwanciyar hankali? Mai bashin 2,000. Ke nan 2 < 5, amma −2 > −5. Da abin hannu ya koma bashi, na gaba ya koma baya. Tun ranar ban sake haddacewa ba. Hajiya, ki zauna da ita da littafin bashi na gaske, ko na mai kayan miya ne.

Ɗaliba a Jami'ar Ngaundere
Inna, ni guje wa rabawar nake yi gaba ɗaya. Na kai −2x ɗaya ɓangaren: 1 > 7 + 2x, sai −6 > 2x, sai −3 > x. Ba abin da na juya, ga amsa iri ɗaya, daga dama kawai za ta karanta.

Inda na taɓa zubar da maki biyu shi ne ƙarshe. Amsar ]−∞, −3[ ce, wato duk lambobin da ke ƙasa da −3, ƙugiyar [ tana ba −3 baya domin ba ya ciki. Da ≤ ne, wato ƙasa da shi ko daidai da shi, sai ta rungume shi.

Malamin lissafi, Marwa
Madalla ƙanwata. Alhaji ma ya fi ni gaskiya, misalin bashin nan zan kai aji ranar Litinin.

Uwar Biyu, Garwa
Allah ya saka muku da alheri. Bayan magariba muka baje goro a tabarma, na hannu a dama, na bashi a hagu. Ta yi shiru can, sai ta ce, "Ashe Mama −5 ne ƙarami." Ta yi guda shida, ta ci biyar. Na shidan ƙugiyar ce ta juya ba daidai ba, gobe da ita za mu fara.