Normes comptables: doka za mu ce, ko ma'auni?

Ƴan uwa, ku kawo ɗauki. Ina shirya bayani da Hausa kan bankin Musulunci don wani taron ƴan kasuwa a nan Yamai, sai fassarar kalmar Faransanci "normes comptables", wato tsarin da ake bi wajen rubuta lissafin kuɗi, ta tsaya mini a maƙogwaro. Ina nufin irin waɗanda AAOIFI, hukumar tsara lissafin bankunan Musulunci mai mazauni a Bahrain tun 1991, take fitarwa.

Yayana, kwantabul ne, ya ce in rubuta "dokokin lissafi" in huta. Na ce Yaya, doka ai mai hukunci ce, kamar umarnin da BCEAO, babban bankin ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa, ta fitar a 2018 kan harkar kuɗi ta Musulunci. Na AAOIFI kuwa ba sa hawa kan kowa sai hukumar ƙasarsa ta ɗora masa.

Wata Hajiya ta kawo "ƙa'idoji". Ba laifi, Hajiya, sai dai kalmar ta yi faɗi, har layin asibiti yana da ƙa'ida.

Ni "ma'auni" ce ta kwanta mini. Ku dubi mai awon hatsi a kasuwar Katako. In tiyarta ta fi ta maƙwabciyarta zurfi, faɗin kuɗin tiya bai gaya maka komai ba. Haka littafin banki yake. A ce banki ya sayi moto jaka 500, ya sayar maka jaka 600 ta hanyar murabaha, biya cikin wata 12. Jaka 100 ɗin nan, ranar ciniki za a rubuta ta duka, ko a raba ta wata-wata? In kowane banki ya auna da tiyarsa, mai ajiya ba zai gane wanda ya fi samu ba. Wani Malam ma ya tuna mini cewa Larabawa "mi'iyar" suke cewa, abin awo ke nan.

To, na tsaya a "ma'aunan lissafin kuɗi na bankin Musulunci". Ta yi tsawo, na sani, a baki "ma'aunan lissafi" ta isa.

Saura rigima guda. Jaka 100 ɗin can riba ce ta halal, amma a rubuce ba ta da bambanci da ribar da aka haramta, sai a murya. A takardata, haramtacciyar "kuɗin ruwa" zan kira ta, in bar wa ciniki "riba". Mutanen Tawa, haka kuke rabewa ku ma?