Tornado da Hausa: na tsaya a kan "jelar hadari"

Daren jiya na sake kallon fim ɗin Twister na 1996 tare da ƙanena. Da abin ya zuro daga sama ya yi awon gaba da saniya, sai ya ce, "Yaya, me ake ce wa wannan da Hausa?" Har na buɗe baki zan ce guguwa, sai na fasa.

Guguwar da muka sani daga ƙasa take tashi, da rana tsaka, sama garau. Ƙasa ta yi zafi, iska ta murɗe, ta kwashi ƙura da karmami, kafin ka ankara ta mutu. Tornado kuwa 'yar hadari ce. Iska mai ɗumi da laima ke haɗuwa da busasshiya mai sanyi, gajimaren tsawa ya soma juyi, sai ya zuro wani abu har ƙasa. Amurka na ganin kusan 1,200 a shekara, da yawansu a filayen Texas, Oklahoma da Kansas.

To, "mahaukaciyar guguwa" fa? 'Yan jarida sun riga sun ba irin Katrina ta 2005 wannan suna, wadda ke tasowa daga teku, faɗinta ɗaruruwan kilomita, ana hango ta tun kwanaki. Tornado mafi faɗi da aka auna ita ce ta garin El Reno na jihar Oklahoma a 2013, kilomita 4.2, kuma gargaɗinta na 'yan mintoci ne. Waccan ana barin gari saboda ita, wannan ɗakin ƙarƙashin ƙasa ake faɗawa. Suna ɗaya ba zai ɗauke su ba.

Akwai kuma abin da ya fi damuna da kalmar "mahaukaciya": idon 'yan fim ne. A wajensu dodo ce mai gurnani da ke bin jarumi kamar sun yi faɗa, shi kuma dole ya kalli tsabar idonta ya tsira. A ƙarshen Twister jaruman biyu sun ɗaure kansu da igiyar fata jikin bututun ruwa, mafi ƙarfin tornado ta bi ta kansu, suka miƙe suna murmushi. A zahiri tarkace ke kisa, langalanga da katako da gilashi suna yawo kamar harsashi. Tim Samaras, wani mai binciken tornado, ya yi shekaru yana ajiye na'urorin awo a hanyarta, ya san aikin ciki da bai, amma ta El Reno ta riske shi cikin mota da ɗansa Paul da abokin aikinsu Carl Young, babu wanda ya tsira. Ba na son sunan da zai sa yaro ya ɗauka abokiyar kokawa ce.

Na auna "tonado", ba ta nuna wa mai ji komai. "Guguwar mazurari" ta kama siffa, sai dai ta sake mayar da mu ga guguwa.

Jelar hadari ita ta kwanta mini. Tana faɗa maka daga ina abin yake fitowa, ta sa ka ɗaga kai sama. Ku ji ta a jimla: "Jelar hadari ta sauka a garin Joplin na Amurka ranar 22 ga Mayu 2011, ta hallaka fiye da mutum 150." Ma'aunin ƙarfin tornado da masani Ted Fujita ya fito da shi a 1971 ma ya shiga: jelar hadari mai mataki na biyar. A kula da rubutu dai, hadari ne na ruwa, ba haɗari mai lanƙwasa ba.

Inda take da rauni, manyan ba su kama da jela ba, kamar baƙin bango suke tafe, wasu ma ruwan sama ya lulluɓe su. Malamai da 'yan uwa masu fassarar fim, wanda ke da sunan da zai rufe wannan giɓin ya kawo mu gwada shi a jimlar Joplin.