Gwajin da ke cin ragowar ɗan'uwansa

Ɗan Kawo: Jama'a, na gaji. Tun la'asar nake fama da gwaje-gwajen manhajar wani mai shago a Kasuwar Barci. In na saki kowanne shi kaɗai yana wucewa, in na haɗa su na bakwai ya faɗi. Ashe na uku ne ke cire kuɗi a asusun kwastoma ya bar shi haka a rumbun bayanai, na bakwai ya zo yana neman cikakken asusu. Wanda ya rubuta gwaje-gwajen kuma ya zuba komai a sitatik, wato ma'ajiya ɗaya da duk gwaje-gwajen ke rabawa. Wannan ragwanci ne. Dole kowane gwaji ya shirya kayansa da kansa.

Anti ta Barnawa: Ƙanena, janye kalmar ragwanci. Ka san wa'adin da aka ba shi?

Ɗan Kawo: Anti, Cucumber, manhajar gudanar da gwaje-gwaje, da kansa yana ba kowane gwaji sabbin abubuwa. A Java, harshen rubuta manhaja, ƙara masa wani ɗan kayan aiki mai suna PicoContainer ya isa ya sa matakan gwaji su raba bayanai ba tare da sitatik ba. Aikin minti nawa ne?

Malam na Tudun Wada: Rago shi ne wanda bai rubuta gwaji ba sam. Wannan ya rubuta, sakaci dai ya yi.

Anti ta Barnawa: Sakaci ma ya yi nauyi, Malam.

Yaron Rigasa: Ku buɗe tiransakshan, wato canje-canjen da ba a tabbatar a rumbun ba tukuna, in an gama a mayar da komai baya.

Malam na Tudun Wada: Da Selenium, mai sarrafa burauza don gwaji? Saba, wato inda manhajar ke gudana, tana da nata haɗin da rumbun, ba za ta ga abin da ba ka tabbatar ba. Sai dai a share teburan rumbun bayan kowane gwaji.

Yaron Rigasa: Ku 'yan Java kullum sai kun wahalar da mutane.

Malam na Tudun Wada: Selenium na aiki tun 2004, lokacin kana firamare.

Yaron Rigasa: Allah ya huci zuciyarka Malam, amma shekaru ba hujja ba ne.

Ɗan Kawo: Ni fa asusun kwastoma nake magana.

Anti ta Barnawa: Har yanzu ba ka janye ba.

Oga Admin: To, an ji kowa. Abin da na fahimta, yawanci sun yarda kalmar ragwanci ba ta dace ba, kuma matsalar daga tsofaffin kayan aiki take. Playwright, wani sabon kayan gwaji irin Selenium, yana buɗe wa kowane gwaji sabon zaman burauza, babu kukis (bayanan da shafi ke ajiyewa a burauza) na wani gwajin, shi muke amfani da shi a ofishinmu. Ɗan Kawo, ka koma can. Na rufe zancen.

Ɗan Kawo: Oga, burauza ba ta share rumbun bayanai.