Waɗanda suka taɓa sayen tsohuwar ƙaramar mota don gudun shan mai, yaya ta kaya?

Malamin Aji Shida:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Motar da nake hawa yanzu mai silinda shida ce, inji lita 3, kuma ta kai ni bango. Zuwa aiki da dawowa kilomita 50 ne a rana, allurar mai kuwa kamar ana janyo ta ƙasa da zare. Na yanke shawarar in rabu da ita in nemi ƙaramar mota ta hannu, ko da ta shekara 15 zuwa 20 ce, tunda aljihun bai kai ga sabuwa ba. Bakin dillali na ji shi har na gaji. Wanda ya taɓa saye ya hau, don Allah ya faɗa mini abin da ya gani, daɗinsa da wuyarsa.

Direban Asuba:
Wa alaikumus salam Malam. Ni dai alhamdu lillahi. Shekara huɗu ke nan ina tare da Corolla ƙirar 2004, inji 1.6, giyar hannu. Na same ta mita ta haura kilomita 200,000, yanzu ta doshi 290,000, ban taɓa buɗe injin ba. Juyen baƙin mai a kan kari, fulogi, birki, taya, sai boris ɗin ƙafar gaba sau ɗaya.

Abin da zan roƙe ka shi ne kada ka auna shan mai da allura. Allura maƙaryaciya ce, rabin tankinta na sama ya fi na ƙasa daɗewa. Ka cika tanki har famfon ya katse da kansa, ka mayar da ƙaramar mitar tafiya sifili, ka yi harkokinka. Ran da ka sake cikawa, ka raba kilomitan da ka yi da litar da ta shiga. Ni a littafin aljihu nake rubutawa. Cikin gari da cunkoso tana ba ni 11 zuwa 12 a lita, doguwar hanya in ban wuce gudun 100 ba tana kai 15. In na matsa ta zuwa 130 sai ta faɗo, domin turjiyar iska tana hauhawa fiye da yadda gudun yake ƙaruwa.

Uwar Biyu:
Malam, ni tawa ba ta zo da daɗi ba da farko, bari in ba ka labari ka ɗauki darasi a kyauta, ni da kuɗina na saya.

Na ga motar ne da yamma, an wanke ta tana ƙyalli, kujeru kamar ba a taɓa zama ba, inji 1.3. Mai ita ya ce mini wannan ai warin mai kawai take shaƙa. Na ba da kuɗi a ranar. Sati biyu ina hawa, sai na lura sau nawa nake shiga gidan mai da tsohuwar motata, sau nawa nake shiga da wannan. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Da na yi irin lissafin da Direban Asuba ya faɗa, kilomita 8 take yi a lita. Ƙaramar mota!

Na kai wa wani dattijon bakanike. Ko bonet bai buɗe ba ya ce, "Hajiya, murɗa makulli amma kada ki tayar." Na murɗa, fitilu suka kama a dashbod, ta batir, ta baƙin mai, ta birki. Ya sa yatsa a wani gurbi da ya yi duhu ya ce, "Ina fitilar inji?" Ni ban ma san akwai ta ba. Ashe wanda ya sayar mini ya cire ƙwanta, don kada in ga tana kunne. Da aka jona na'urar bincike sai ga sensar oksijin ta mutu. Aka duba kuma, babu tamostat, abin da yake tare ruwan lagireto har inji ya yi zafi, wani ya cire ya yar tun tuni. Da aka sa waɗannan biyun da sabuwar matatar iska, ta koma 13. Har yau tana hannuna, kuma ina son abata, amma mutumin nan na bar shi da Allah.

Tsohon Bakanike:
Hajiya kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Shekaru da yawa ina ƙarƙashin mota, kuma abin da na gani shi ne, ƙanƙantar inji alkawari ne kawai, lafiyarsa ce take cikawa. Ba girin-girin ba, ta yi mai, mu kuma a nan so muke kada ta sha shi.

Maganar tamostat, mu kanikawa mu ne masu laifi. Mota ta fara zafi, maimakon a wanke lagireto ko a duba fanka, sai a cire tamostat a ce an huta. To kwamfutar mota tana ƙara mai ne muddin ta ga inji da sanyi, irin aikin da cok yake yi a motocin kafireto na da. An ƙera inji ya yi aiki a wajen digiri 90. In ruwa yana ta zagayawa ba mai tare shi, injin zai daɗe bai kai nan ba, ita kuma kwamfuta ta yi ta zuba mai. Sensar oksijin kuma ita ce hancin motar, tana cikin salansa tana shinshina hayaƙi tana faɗa wa kwamfuta a rage ko a ƙara. In ta mutu, sai a koma zuba mai da ka.

Malam, in za ka je ganin mota, ka je da sassafe, kuma ka ce kada a tayar da ita kafin ka iso. Ka ɗora tafin hannunka a kan injin. In ka ji ɗumi, an riga ka, ka tambayi dalili. Inji mai ciwo da sanyin safiya yake tona kansa: ƙarar ƙarafa na 'yan daƙiƙu, kakkarwa, hayaƙi. Ka tsaya a baya wani ya tayar. Shuɗin hayaƙi, tana ƙona baƙin mai, ringi ko robobin bawul sun gaji. Baƙi, mai ya yi yawa. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, ruwa yana shiga silinda, wato gaskit ya ƙone. Ka buɗe murfin baƙin mai ka juya shi, in ka ga wani abu fari-fari mai kauri ya manne, ka bincika sosai kafin ka ci gaba da ciniki.

Na'urar bincike kuma yanzu ba ta manyan gareji ba ce kaɗai. Duk motar da aka yi don kasuwar Amurka daga 1996 tana da ramin jona na'urar, wanda ake kira OBD-II, a ƙarƙashin sitiyari, motocin fetur na Turai kuma daga 2001. Akwai 'yar ƙaramar da ake jonawa da waya. Sai dai ka sani ana iya goge laifin kafin ka zo, don haka ka tuƙa ta tukuna, tafiya mai ɗan nisa, sannan ka jona.

Mai Iyali:
Ku yi haƙuri, ni zan ɗan saɓa. Kowa yana cewa ƙarama, ƙarama, to ƙarama har ina? Na sayi mai inji lita 1, silinda uku, otomatik mai giya huɗu. Ni kaɗai a ciki, ba laifi. Ran da na ɗauki maiɗakina da yara uku da kaya a but, na kunna esi, muka zo hawan tudu, na taka totur har ƙasa tana ta kuka ba ta tafiya. Wuce babbar mota a hanya kuwa sai da addu'a. Man da na zo tsimi ya tafi wajen matsa mata. Ba laifin motar ba ne, ni na ɗora mata abin da ba don shi aka yi ta ba. Bayan wata takwas na sayar na koma 1.5 mai giyar hannu, kuma a irin lodina shan mansu kusan ɗaya ne. Malam ka ƙirga mutanen gidanka kafin ka ƙirga silinda.

Direban Asuba:
Gaskiyarka Alhaji. Kuma a motocin wancan zamani giyar hannu mai biyar ta fi otomatik mai huɗu tsimi. Na zamani ne suka cike wannan giɓin.

Ɗan Lissafi:
Yallaɓai Malam, bari in yi maka lissafin da lita, kai ka mayar da shi kuɗi. Kilomita 50 a rana, kwana 22 a wata, 1,100 ke nan. Mu ƙara zirga-zirgar ƙarshen mako mu ce 1,400. In motarka ta yanzu tana yin 7 a lita, kana ƙona lita 200 a wata. In ka sami mai yin 13, lita 108 ce. Ribarka lita 92 a wata, sama da 1,100 a shekara. A irin tafiyarka canjin yana da ma'ana.

Ni nawa ya sha bamban, shi ya sa nake faɗa. Ban fi kilomita 400 a wata ba, na rabu da mota mai lafiya da na san ciki da bayanta, na ciko kuɗi na sayi wadda ban sani ba. Ribar man ba ta fi lita 20 a wata ba, ga kuloci da shokozoba huɗu da na canza a watan farko. Har yanzu ban fanshe ba.

Abu biyu kuma da suke ruɗa mutane. Motar da ta fito daga Amurka ko Ingila mitarta mil take ƙirgawa, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne, don haka in ka ga 150,000 ka sani ta yi wajen 240,000. Sannan galan ɗin Amurka lita 3.8 ne, na Ingila 4.5, kada a kawo maka adadin mil a galan ka haɗiye ba ka tambayi na ina ba ne. Alƙaluman takardar kamfani ma a ɗakin gwaji aka samo su, motar tana sabuwa. Ita kanta hukumar muhalli ta Amurka sai da ta sauya tsarin awonta a 2008, adadin ya sauka, Turai ma ta kawo sabon gwaji a 2017 don tsohon ya yi nisa da abin da direba yake gani a titi.

Sabon Shiga:
Ni ban da dogon bayani, bel ɗin tayimin, wanda yake daidaita motsin bawul da na fistan, shi ne ya koya mini hankali. Wanda na saya a hannunsa ya ce "kwanan nan" aka canza, ban nemi rasit ba. Wata na uku ya tsinke ina tsakiyar hanya, fistan ya daki bawul, sai da aka sauke kan injin. Kuɗin gyaran ya cinye tsimin man shekara guda. In motar mai bel ce kuma babu shaida a rubuce, ka canza shi da famfon ruwa a makon farko, ka ɗauka cikin kuɗin saye ne.

Tsohon Bakanike:
Sannu yaro, da yawa sun sha wannan. Shi ya sa ake tambaya tun farko, bel ne ko sarƙa. Corolla irin ta Direban Asuba sarƙa ce, haka Yaris da ta fito a 1999, haka Honda Jazz, wadda wasu wuraren ake ce wa Fit, da ta fito a 2001. Civic ta fetur mai 1.5 da 1.6 ta shekarun 1990 kuwa bel ce. Babu wanda yake aibi a ciki, kowanne da irin kulawarsa. Sarƙa abin da take so shi ne baƙin mai mai kyau a kan lokaci.

Anti Mai Hayibrid:
Ba wanda ya ambaci tawa. Prius nake hawa, hayibrid mai haɗa fetur da lantarki, zubi na biyu, ƙirar 2007. Ta farko a 1997 ta fito a Japan, ka ga ke nan abin ba sabo ba ne. A cunkoso ne take nuna kanta, don in na tsaya injin yana mutuwa, tashi kuma da lantarki take yi, kuma duk birkin da na taka yana mayar da caji. Cikin gari ina samun 18 zuwa 20 a lita. A doguwar hanya bambancinta da ƙaramar mota mai lafiya ba shi da yawa.

Amma ƙanina, kada ka saye ta sai ka tabbatar kana da wanda ya san ta kusa da kai. Babban batirin yana bayan kujerar baya, ɓangarori 28 ne aka jera, kuma batir na tsufa ko ana hawa ko an ajiye. Kafin in biya sai da aka auna su da na'ura. Yana da 'yar fanka da take sanyaya shi, ina sa a share mata ƙura lokaci-lokaci.

Uwar Biyu:
Na manta ban faɗa ba, ka duba shekarun taya. A gefenta akwai lamba huɗu a ƙarshen jerin da ya fara da rubutun DOT, su ne lokacin da aka ƙera ta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Nawa zanensu cif, ashe sun shekara tara. Iskarsu kuma ka bi abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, taya mai ƙarancin iska ita ma mai take sha. Ka kuma leƙa ƙarƙashin motar da tocila saboda tsatsa, kuma in da hali kada ka ɗauki wadda ba ta da birkin ABS mai hana taya ƙamewa, da jakar iska. Yara ne a baya.

Malamin Aji Shida:
Allah Ya saka wa kowa da alheri. Jiya na ga biyu. Ta farko na isa ƙarfe bakwai, na ɗora hannu a inji kamar yadda Baba ya ce, na ji shi da ɗumi. Mai ita ya ce yara ya kai makaranta, alhali Asabar ce. Na yi masa sallama.

Ta biyu mai 1.5 ce, giyar hannu, mita 178,000, fitilar inji ta kama ta kuma mutu bayan an tayar, babu hayaƙi, mai ita har da tarin rasit a cikin leda. Abu ɗaya ne ya tsaya mini: robar fedar kuloci ta cinye har ƙarfe ya fito, sitiyarin ma ya yi santsi. Baba, wannan ya yi kama da 178,000?

Tsohon Bakanike:
Zai iya yiwuwa in cikin gari aka yi ta wahalar da ita, zai iya yiwuwa kuma an mayar da mita baya. Ledar nan ita za ta raba gardama. Ka zauna ka jera rasit ɗin bisa kwanan wata, ka bi kilomitan da aka rubuta a kowanne ka ga ko suna hawa a jere. Ka duba jikin ƙofa da ƙarƙashin bonet ko akwai tsohuwar sitikar juyen mai da aka manta ba a ɓare ba. In sun yi daidai, ka saka ta giya huɗu kana tafiya a hankali ka taka totur sosai. In injin ya ɗaga murya motar ba ta ƙara gudu ba, kuloci ya tafi, ka cire kuɗinsa daga ciniki. Ka dawo ka faɗa mana abin da ka gani.